Zaitun, Atile da 'Ya'yan Itace: Kalmomin Turanci Biyu a Ajin Fagam

Duk ƙamusun Turanci da ɗalibi zai buɗe ya nemi kalmar olive, bayanin da zai tarar kusan iri ɗaya ne: wani ɗan ƙaramin fruit ne, kore ko baƙi, mai ƙwallo a ciki, ana cin sa, ana kuma tatsar mai daga gare shi. Bayanin ba shi da aibu. Amma yaron da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Fagam, wanda bai taɓa ɗora ido a kan abin ba, kalma ɗaya ce za ta maƙale masa a kai, ita ce fruit, domin ita kaɗai ya sani. Sai ya rubuta a littafinsa cewa olive na nufin fruit, kamar yadda aka koya masa cewa big da large duk ɗaya ne. Laifin ba nasa ba ne. An saba ba shi kalmomi bibbiyu ya haddace, ko dai masu ma'ana ɗaya ko kuma kishiyoyin juna, ba a cika nuna masa cewa akwai dangantaka ta uku ba, wadda kalma ɗaya ke zaune a cikin ɗaya.

To, irin wannan dangantaka ce ke tsakanin kalmomin nan biyu. Fruit sunan jinsi ne gaba ɗayansa, olive kuwa sunan nau'i guda ne daga cikinsa, shi ne zaitun. Duk mutumin Fagam ɗan Jigawa ne, amma wanda ya ce maka shi ɗan Jigawa ne bai gaya maka ko daga Fagam yake ba, ko Gumel, ko Haɗeja. Haka duk olive fruit ne, amma wanda ya ce ya sayo fruit bai faɗa maka abin da ke cikin ledarsa ba.

Wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi, kuma yaron Fagam ya san shi tun kafin ya sa kayan makaranta. Ya san kanya da ɗinya da taura da magarya da kurna da aduwa da tsamiya da goruba, ya san lokacin nunar kowace, ya san wadda ake kakkaɓowa da wadda ake jira ta faɗo, ya kuma san cewa sunan da ya haɗa su shi ne 'ya'yan itace. Bai taɓa rikita kanya da 'ya'yan itace ba. Da za a fara darasin daga nan, da minti biyar ya isa. Abin da ke sa maganar ta yi tsawo shi ne, a cikin duk abubuwan da Bature ke kira fruit, da wuya a samu wanda ya fi zaitun zama a gefe-gefe.

Dalilin kuwa shi ne kalmar fruit tana da ma'ana biyu da ba su cika jituwa ba. Akwai ta masana tsirrai, akwai ta kasuwa da ɗakin girki. A wajen masana, fruit shi ne abin da fure ya zama bayan ya ɗauki ciki, wanda ke ɗauke da irin shukar. Ba ruwansu da zaƙi ko ɗaci, ba ruwansu da ko bishiya ce ko yaɗo. Da wannan ma'auni, tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa da kabewa da yalo da gauta duk fruit ne, haka ma kwanson wake da na ɗorawa. A wajen mai saye da mai girki kuwa, fruit shi ne abin da ke da zaƙi ko ɗan tsami, mai ruwa-ruwa, wanda ake ci ɗanye don marmari. Mu ma haka muke rabawa. Je ka kasuwar Sara ka ce a nuna maka masu kayan marmari, ba wanda zai kai ka wajen mai tumatir. Tumatir kayan miya ne, ko me malamin kimiyya zai ce.

Turawa ma sai da wannan rikici ya kai su gaban alƙali. A 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Nix da Hedden. Wasu 'yan kasuwar birnin New York masu shigo da tumatir ne suka ƙi yarda da harajin kashi 10 cikin 100 da dokar 1883 ta ɗora wa kayan lambu, alhali ta yafe wa 'ya'yan itace. Hujjarsu ita ce tumatir fruit ne a ilimin tsirrai. Aka kawo ƙamusoshi aka karanta a kotu. Alƙalai suka amince cewa a ilimance haka ne, amma suka ce doka tana bin yadda jama'a ke magana ne, jama'a kuwa da abinci suke cin tumatir, ba bayan abinci ba. 'Yan kasuwar suka sha kaye. Shi ma zaitun irin wannan ƙaddara ce ta same shi: a jadawalin kayayyaki na ƙasa da ƙasa da hukumomin kwastan ke aiki da shi, har da na Nijeriya, ɗanyen zaitun yana babi na 7 ne, babin kayan lambu, ba babi na 8 na 'ya'yan itace ba.

Akwai kuma wani bincike da ya kamata kowane malamin Turanci ya ji labarinsa. A 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Eleanor Rosch, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta ba ɗalibai wajen 200 jerin sunayen abubuwa, ta ce su auna yadda kowanne ya cika zama misalin jinsinsa. A jerin fruit, lemo da tuffa da ayaba ne suka zo kan gaba. Olive ya faɗa can kusa da ƙarshe, a sahun su tumatir da kabewa. Ke nan masu harshen da kansu, in ka matsa musu za su yarda cewa zaitun fruit ne, amma ba shi ke zuwa musu a rai ba in an ambaci kalmar. Baƙon da ya ce wa mai masaukinsa a Ingila yana sha'awar fruit, aka kawo masa kwanon zaitun mai gishiri, zai ɗauka ba a ji shi daidai ba.

In da za a yi irin wannan gwaji a Fagam, na tabbata mangwaro ne zai zo na ɗaya, sai lemo da gwaba da kankana. Ga kankana ma abin lura: ba itace ke haifar ta ba, yaɗo take a ƙasa, amma duk da haka muna jefa ta cikin 'ya'yan itatuwa ba tare da gardama ba. Rake kuwa kayan marmari ne a wajenmu, amma ba fruit ba ne ta kowace fuska, kara ne. Saboda haka malamin da ya ce fruit daidai yake da kayan marmari ya kusa, wanda ya ce daidai yake da 'ya'yan itace shi ma ya kusa, amma kowace fassara tana da ɗan wurin da take yoyo, kuma gara a nuna wa yara wurin tun da wuri.

Me ya sa zaitun ya zama bare a cikin danginsa? A ƙira dai ɗan gida ne sosai. Fata a waje, tsoka a tsakiya, ƙwallo mai tauri a ciki, tsarin mangwaro da aduwa da magarya ke nan. Inda ya bambanta shi ne abin da ke cikin tsokar. Mangwaro sukari yake tarawa, zaitun kuwa mai yake tarawa, har ya kan kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, sukarinsa kuma kaɗan ne. Sannan yana da wani sinadari mai tsananin ɗaci da ke hana a ci shi daga tsinkowa. Sai an jiƙa shi cikin ruwan gishiri na makonni ko watanni, ko a bi da shi ta wasu hanyoyin da ke cire ɗacin, kafin ya ciwu. Kore da baƙi kuma ba iri biyu ba ne: koren shi ne wanda aka tsinka kafin ya nuna, in aka bar shi a kan bishiya sai ya rine ya yi duhu.

Bishiyar ta ƙasashen gaɓar Bahar Rum ce. Sifen ce kan gaba a duniya wajen man zaitun, a shekara mai albarka takan samar da kusan rabin abin da duniya ke tatsa, sai su Italiya da Girka da Turkiyya da Tunisiya da Maroko. A Falasɗinu kakar zaitun ita ce babbar kakar manomi. Itaciyar tana son rani mai zafi da bushewa, amma tana bukatar sanyin hunturu na tsawon makonni kafin ta yi fure yadda ya kamata, ruwan samansu kuma a lokacin sanyi yake sauka, saɓanin namu. Shi ya sa ba ta zama amfanin gonarmu ba, duk da cewa dabino, wanda shi ma muke dangantawa da ƙasashen Larabawa, ya karɓi ƙasar Dutse har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta kafa reshen dabino a can. Abin mamaki, akwai wani zaitun na daji da ke tsira a kan duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar da na Hoggar a Aljeriya, ragowar zamanin da Sahara ke da danshi. Ba noma shi ake yi ba, amma ɗan'uwan na Bahar Rum ne na jini.

Duk da wannan nisa, sunan ba baƙo ba ne a kunnen yaron Fagam, kuma a nan ne nake ganin malaman Turanci ke barin dama tana wuce su. Sura ta 95 a Alƙur'ani, Suratut Tin, ta buɗe ne da rantsuwa da ɓaure da zaitun, tana kuma cikin izifin Sabbi, wanda yara ke fara wankewa a makarantar allo. Suratun Nur ma ta ambaci bishiyar da manta. Wato yaro ya furta kalmar da bakinsa shekaru kafin ya ga harafin A. Ya kuma ga kwalaben man zaitun jere da habbatus sauda da zuma a shagunan magungunan Musulunci a Birnin Kudu, wataƙila ma akwai Zaituna a ajinsu. Malamin da ya ce “olive shi ne zaitun” ya gama rabin aikinsa da numfashi ɗaya. Rabin da ya rage shi ne ya gyara wani zato: da yake man kawai muke gani, yara da yawa, har da manya, sun ɗauka zaitun sunan mai ne ko sunan magani. A Turanci dole a rarrabe. Olive shi ne ɗan itacen, olive tree ita ce bishiyar, olive oil shi ne man. Wanda ya shiga kanti ya ce a ba shi olive alhali mai yake so, gwangwani ko kwalbar 'ya'yan za a miƙo masa.

Nan ma akwai wani saɓani tsakanin harsunan biyu. Mu bishiya muke fara raɗa wa suna, sannan mu ce 'ya'yanta: kuka da 'ya'yan kuka, kanya da 'ya'yan kanya. Turanci yakan fara da ɗan, sannan ya ƙara tree in bishiyar yake nufi. Kuma tun da an zo kan mai, ita kanta kalmar oil daga sunan zaitun ta samo asali, ta hanyar Latin da Girkanci, domin a wajen mutanen can na dā, in an ce mai to na zaitun ake nufi. Mutanen Sifen kuwa, saboda daɗewar mulkin Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492, da kalmar Larabci suke kiran zaitun da mansa har gobe, tushe ɗaya da tamu.

Sai kuma atile, wanda shi ne ya fi rikita lissafin a Arewa. Duk wanda ya bi hanyar Jos ya san shi: dogo-dogo, launinsa tsakanin shuɗi da baƙi, ana jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi a ci tsokar a yar da ƙwallon. Daga Filato yake fitowa galibi, musamman wajajen Pankshin, ana kuma tatsar mai daga gare shi. Da Turancin Nijeriya ana ce masa olive ko African olive, man atile kuma sau da yawa za ka ji an kira shi olive oil. Kamannin suna nan, ba a musu: girma kusan ɗaya, ga mai, ga ƙwallo, ga rashin zaƙi. Amma ba dangi ba ne ko kaɗan. Sunan zaitun a ilimin tsirrai Olea europaea, na atile kuwa Canarium schweinfurthii, kuma 'yan'uwansa su ne ararraɓi da dashi, itatuwan ƙaro da turare. Bishiyar atile ƙatuwa ce da kan kai mita 40, ta zaitun kuwa gajera ce mai murɗaɗɗen gindi. Ban ga laifin atile ba, abinci ne mai kyau kuma namu ne. Amma ɗalibin da ya karanta olive a littafin da aka rubuta a Landan ya sani ba atile ake nufi ba, wanda kuma ya je neman man zaitun saboda ambatonsa a addini ya duba kwalbar da kyau.

Wannan ɗabi'a ta aro sunan abin Turai a liƙa wa namu ba a kan atile ta tsaya ba. Aduwa ta zama desert date alhali ba dabino ba ce, ɗinya ta zama black plum, agwaluma ta zama African star apple. Turawan da suka fara rubuta sunayen nan da abin da suka baro a gida suke kwatantawa. Wani likita mai suna J. M. Dalziel ya yi abin da ya fi wannan amfani: a 1916 ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, inda ya jera sunayenmu ya haɗa kowanne da sunansa na kimiyya. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu littattafan firamare sun fi son apple da grape da strawberry a kan abin da ke zuba a bayan makaranta.

A fagen nahawu kuma kalmomin biyu ba hali ɗaya gare su ba, kuma nan ne maki ke zubewa a jarrabawa. Olive suna ne da ake ƙirgawa kai tsaye: “an olive”, “two olives”, “some olives”. An ake sa masa ba a ba, saboda da wasali ya fara. Fruit kuwa a mafi yawan amfani ba a ƙirga shi, kamar ruwa ko gero yake. Bature zai ce “I bought some fruit” ko da lemo goma da ayaba biyar ya sayo, zai kuma ce “Fruit is good for you” da aikatau na tilo. In guda ɗaya yake nufi sai ya ce “a piece of fruit”, ko ya kira sunan abin. Jam'in fruits yana nan, amma ya fi nufin nau'o'i daban-daban, kamar a ce “mangoes, guavas and other fruits”. Haka in an ce “An olive is a fruit”, ma'anar ita ce zaitun nau'i ne daga nau'o'in.

Bahaushe yana da uzuri in ya yi tuntuɓe a nan, domin tamu kalmar jam'i ce tun asali: 'ya'ya muke cewa. Hankalinsa zai ba shi cewa abu mai yawa dole ya ɗauki s. Ga shi kuma a Turancin Nijeriya “buy fruits” da “eat fruits” sun zama ruwan dare, har a bakin likitoci da 'yan jarida. Ni ban ɗauki wannan babban zunubi ba, kowa zai fahimce ka, kuma ba dalilin ɗaga bulala ba ne. Sai dai masu duba takardun WAEC da NECO ƙa'idar Ingila suke bi, saboda haka a koya wa yaro duka biyun, a gaya masa wadda ake so a takarda.

Furuci ma yana da tarkonsa. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa fruit ke fitowa “furut”. A gaskiya gaɓa ɗaya ce, kuma harafin i da ke ciki ba a furta shi, u ce mai tsawo kawai. Olive gaɓa biyu ce, nauyin yana kan ta farko, ƙarshenta kuma irin na give ne, ba irin na five ba. Sautin v babu shi a Hausa, sai mu maye shi da b. Maganinsa a sa yaro ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya saki murya.

Bayan ma'anar zahiri, kowace kalma ta yi nata rassan, kuma ba sa musanyuwa. Fruit ya tafi wajen sakamako: in an ce aiki ya “bear fruit”, haƙa ta cim ma ruwa ke nan, fruitful abin da ya yi albarka, fruitless wahalar banza. Olive kuwa ya tafi wajen launi da sulhu. Olive green shi ne koren nan mai duhu irin na kakin soja. Olive branch, reshen zaitun, alamar neman zaman lafiya ce tun zamanin Girkawa da Rumawa, shi ya sa rassa biyu na zaitun suka kewaye taswirar duniya a tutar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da ita a 1947. In jaridar Turanci ta ce gwamna ya miƙa wa 'yan adawa olive branch, hannun sulhu ya miƙa musu. Ba a cewa fruit branch, ba a kuma cewa aiki ya bear olive.

Saura tambayar da ɗalibi mai wayo zai yi: in an tambaye ni a jarrabawa ko olive fruit ne, me zan ce? Ka ce e, a kowane darasi. A kimiyya da aikin gona amsar ba ta da ja, tun da daga fure ya fito kuma yana ɗauke da iri. A Turanci ma ƙamus yana bayanka. Tumatir ne ke bukatar ka duba wane malami ne ya yi tambayar: na kimiyya fruit yake so ya ji, ta darasin girke-girke kuwa vegetable take jira. In kuma an ba ka jerin kalmomi aka ce ka fitar da wadda ta haɗe sauran, misali mango, olive, fruit, guava, to fruit ce amsar, ko da ba ka taɓa ganin olive ba.